Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Ministan Albarkatun Ruwa: A Tace Ruwa Sosai Kafin A Zuba Kulorin

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri.

Kulorin da ake zubawa a matatun ruwa ya kuɓutar da rayuka masu ɗimbin yawa daga kwalara da taifot, don haka ba na roƙon a rage shi ko da ɗigo ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta yi gargaɗin kada a sassauta kashe ƙwayoyin cuta saboda tsoron abin da zan faɗa.

Kukana a kan abin da kulorin ke haifarwa ne idan ya tarar da ruwa bai gama tacuwa ba. Ruɓaɓɓen ganye da gansakuka da dattin da kogi ke kwasowa, da zarar sun gamu da shi sai a samu wasu sinadarai, kulorofom da danginsa, waɗanda masana ke kira tirihalometan. Wani masanin sinadarai mai suna Johannes Rook ne ya gano haka a ruwan birnin Rotterdam na ƙasar Holland a 1974. Bincike ya alaƙanta shan su shekara da shekaru da ƙaruwar haɗarin sankarar mafitsara. Shi ya sa Amurka ta ƙayyade kada su wuce maikirogiram 80 (maikirogiram ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram) a kowace lita, Tarayyar Turai kuma 100.

Maganin yana hannun ma'aikatanka. A sa alam daidai gwargwado har dattin ya dunƙule ya kwanta, a tace da yashi da gawayin tacewa, sannan kulorin ya biyo baya. Zuba kulorin da yawa a ɗanyen ruwa tun daga mashiga shi ne ke ƙara ɓarnar.

Ranka ya daɗe, inda aka fi sakaci shi ne bayan ruwa ya bar matata. Sinadaran nan ba sa daina samuwa cikin bututu. Yawan kwanan ruwa a tanki da zafin rana suna ƙara su. Mai famfo a ƙarshen layi, wanda galibi talaka ne, shi ke shan mafi yawa, alhali awon da aka yi a ƙofar matata ya nuna lafiya lau. Wannan yana ci mini rai.

Ina roƙonka ka ba da umarni a riƙa ɗibar ruwan gwaji daga ƙarshen bututu, musamman lokacin zafi da bayan ruwan sama mai yawa, a riƙa wanke layukan da ruwa ke tsayawa, a kuma buga sakamakon kowa ya gani.

Allah ya yi maka jagora.

Naka,
Wani mai shan ruwan famfo