Don Allah a ware mana shafin sharhin littattafai

Assalamu alaikum Edita. Ni marubuciya ce mai cin gashin kanta, a Wattpad da guruf ɗin WhatsApp nake sakin labaraina, ina kuma karanta na 'yan'uwa sosai. To amma da na yi sharhi na ce wance ta ja labari ba dalili, ko jaruminta kullum ɗan mai kuɗin Abuja ne da jibgegiyar mota, sai masoyanta su yo min ca wai hassada ce, alhali gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba. A shekarun 1990 jaridu sun sha muhawara kan littattafan soyayya na Kano, Hikayata, gasar rubuta gajerun labarai ta BBC Hausa, ma tun 2016 tana da alƙalai, mu 'yan onlayin fa? Ku ba mu shafi duk sati mana.

Wata marubuciya, Kano