Ƙofar motata ta fi ni iko da motar

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ni direba ne a Kumasi, gidana a Aboabo, kuma shekarata 26 ina riƙe da sitiyari. Na fara da trotro, wato ƙaramar bas ta haya, tsakanin Kejetia da Ejisu, yanzu kuwa ina haya ta ƙashin kaina: 'yan biki, masu zuwa filin jirgi, da 'yan makaranta da safe. Bara na haɗa abin da na tara da abin da ƙanena ya aiko daga Italiya, na sayi mota mai lantarki mai kujera bakwai a hannun wani dillali da ke fito da su daga Tema. Ba zan faɗi sunan motar ko na dillalin ba, don ban zo tona asirin kowa ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne ƙofofinta, domin na ga 'yan uwanmu da yawa sun fara sha'awar irin waɗannan motoci, kuma duk tambayarsu ɗaya ce: caji nawa take ci, tana kai Accra ko ba ta kaiwa. Ban taɓa jin wanda ya tambayi ƙofa ba. Ni ma ban tambaya ba.

Ƙofofin baya na ja ne, irin na trotro, sai dai babu meti, wato yaron mota mai jan ƙofa. Ka taɓa maɓalli ta zuge da kanta, ka sake taɓawa ta rufe. Hannun ƙofar gaba kuma a shafe yake da jikin mota, sai ka matso da rimot a aljihu ya leƙo waje kamar kan kunkuru. Satin farko yaran unguwa har layi suke yi a bar su su danna. Ni ma, ba zan ɓoye ba, kaina ya ɗan kumbura.

Da hunturu ya shigo aka fara wasan. Ƙofar dama za ta taho har saura taki ɗaya ta rufe, sai ta yi ƙara ɗit-ɗit-ɗit, ta koma baya. Ka danna, ta sake. Wata Asabar na ɗauko dangin amarya daga Asawase, gwaggon amarya ta zauna bakin ƙofa da leshinta mai sitaci da mayafi har ƙasa. Sau huɗu ƙofar tana zuwa tana komawa. Hajiya ta tattare mayafi, ta tattare zani, ta matse har ta hau cinyar ta kusa da ita, ƙofa ta ce ba ta san zance ba. Masu pragya, keken haya mai ƙafa uku, sun cika bayanmu da hon. Daga ƙarshe Hajiya ta dube ni ta madubi ta ce, “Ɗana, motar nan taka ko dai ba ta son talaka ne?” Mota ta ɗauki dariya, ni kuwa gumi nake. Sai da na fita na dafa ƙofar da kafaɗa kafin ta kama.

Na kai ta Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, wurin wani masta da na daɗe ina hulɗa da shi, mai aikin wayarin. Shi ya warware min abin, kuma zan faɗa yadda na fahimta don masu karatu su amfana. Ƙofar ba ta gani, ji take yi. A bakinta akwai wata roba doguwa mai sensa a ciki, wadda in ta matse wani abu, ko yatsa ko mayafi mai kauri, take gaya wa kwamfutar mota ta tsaya. Sannan ɗan injin da ke jan ƙofar ana auna wahalar da yake sha: in ya ji nauyi ya fi yadda aka saba masa, sai kwamfuta ta ɗauka hannun yaro ne ya maƙale, ta mayar da ƙofa baya. Niyyar mai kyau ce, ba na musu. Amma masta ya sa yatsa cikin layin da ƙofar ke bi, ya fito da jar ƙasa cakuɗe da giris, ta yi ƙarfi kamar ƙullin dawa. Wannan ƙasar ce injin yake turawa, kwamfuta kuma tana ce masa yaro ne. In ka yi fakin a gangare, hancin mota na kallon sama, nauyin ƙofar kansa ya isa ya ruɗe ta, kuma wanda ya san Kumasi ya san gari ne na hawa da sauka. Sensocin jikin mota masu aika sauti su saurari amsa-kuwwa don gane ko akwai abu kusa, su ma in laka ta toshe su sai su ga bango inda babu bango. A Kejetia kuwa, inda mai tallan ruwa da 'yar kayayo mai dakon kaya a ka da mai baro duk suna goga jikin motarka, ba sai laka ta toshe su ba.

Wannan duk ɓacin rai ne kawai. Abin da ya hana ni barci ya faru a watan azumi.

Na dawo daga makaranta da jikata 'yar shekara uku, ta yi barci a kujerar baya. Na tsaya ƙofar gida, na fita don in buɗe get, ƙofata ta rufe a bayana. Na dawo, hannun ƙofa bai leƙo ba. Na danna rimot, shiru. Na danna na ƙofar baya, shiru. Na leƙa ta gilashi, allon gaba ya mutu baƙi ƙirin, alhali minti biyu da suka wuce ya nuna min caji ya haura rabi. Ƙarfe ɗaya na rana, gilasai duk a rufe. Yarinya ta farka ta fara kuka, tana dukan gilashi da tafin hannu, gumi ya jiƙe mata ɗan hijabinta. Uwarta ta fito ba ko takalmi tana salati, maƙwabciyarmu ta fito da taɓarya ta ce in matsa. Na riga na karɓi taɓaryar na ɗaga, sai wani yaro ɗan koyon aiki a Magazine, da ya dawo cin abinci gidansu, ya ce, “Baba, dakata, ba ni rimot ɗin.” Ya danna wani ɗan ƙulli a gefensa, ya zaro siririn makulli na ƙarfe daga ciki. Ya danna gefen hannun ƙofar direba ya ɗago shi da farce, ga ramin makulli a ɓoye. Ya murɗa, ƙofa ta buɗe. Wata takwas rimot ɗin nan yana aljihuna ban san da makulli a cikinsa ba. Littafin motar da aka ba ni da Sinanci yake daga bango zuwa bango.

Abin da ya mutu ranar nan ba babban batir ba ne. Motar lantarki tana da ƙaramin batir mai bolt 12, irin na kowace mota, kuma shi ke riƙe da makullai da gilasai da allo. In ya yi sanyi, ko babban yana cike taf, ƙofa ba za ta amsa maka ba. A motar fetur batir yana yi maka gargaɗi, ka ji kik yana ja da ƙyar da safe ka san kwanansa ya ƙare. A wannan babu kik, sai dai ka wayi gari a waje. Zafin ƙasarmu kuma ba ya barin batir ya tsufa, balle motar da ta yi watanni a jirgin ruwa da tashar Tema kafin ta zo hannunka.

Kada wani ya ce ai ƙauyancinmu ne. Tesla Model X, wadda ta fito a 2015 da ƙofofin baya masu ɗagawa sama kamar fukafukai, ta sha ƙorafin masu ita kan ƙofa mai tsayawa rabin hanya don ta ga abin da babu, har a 2016 kamfanin da bakinsa ya amsa cewa ya yi zarin cusa sabbin fasahohi a motar. A Satumba 2025 hukumar kiyaye haɗurran hanya ta Amurka, NHTSA, ta buɗe bincike kan Model Y ƙirar 2021, kusan mota 174,000, bayan iyaye sun kai ƙarar cewa hannun ƙofa ya daina aiki 'ya'yansu na ciki, wasu sai da suka fasa gilashi. Tawa ba ta cikin waɗannan, amma ciwon ɗaya ne. Ita kuwa ƙasar Sin, inda yawancin motocin lantarkin da ke shigo mana suke fitowa, ta kafa doka cewa daga 1 ga Janairu 2027 sabbin ƙirar motoci dole su zo da hannun ƙofa da ake buɗewa da ƙarfin hannu, ciki da waje. Tambayata ita ce: tsofaffin da aka ƙera kafin dokar, ina za su nufa in masu su sun gaji da su? Mu da muka san tashar Tema mun san amsa.

Gwamnatin Ghana ta ƙaddamar da manufar motocin lantarki a ƙarshen 2023, kuma kasafin 2024 ya yi alkawarin yafe kuɗin fito na shekara takwas ga masu lantarki na jigilar jama'a. Madalla, ni mai goyon baya ne, don abin da nake kashewa a caji bai kama ƙafar abin da nake zubawa a gidan mai ba. Amma jigilar jama'a na nufin tsohuwa da jariri da mai sanda. Roƙona ga DVLA, hukumar lasisin tuƙi da rajistar motoci, shi ne, ranar duba lafiyar mota, yadda ake cewa taka birki, kunna fitila, a ƙara da cewa kashe motar ka buɗe kowace ƙofa da hannu mu gani. Direban da bai iya ba a koya masa nan take. Dillalai kuma kada su miƙa makulli sai da littafi na Turanci, sai kuma sun nuna wa mai saye inda makullin gaggawa da ƙaramin batir suke. Mastocinmu na Magazine suna da kai, masta nawa da yatsa ya gano abin da ke damun ƙofa, amma na'urar da ake jona wa motar don a goge laifin daga kwamfuta ba ta karanta irin tawa, sai an nemo mai ita daga Accra.

Ni dai yanzu na canza ƙaramin batir, na zare siririn makullin na ɗaure shi da zare tare da makullin ɗakina. Duk Juma'a bayan masallaci ina bin layin ƙofa da tsohon buroshin haƙori da tsumma. Na kashe na'urar ƙofar dama gaba ɗaya, ɗan yayata da ke raka ni shi ke ja da hannu yana bugawa gam, kamar zamanin Ejisu. Robar sensar da aka ce an yi min oda daga Sin, yau sati bakwai ke nan, kullum na kira sai a ce tana kan ruwa.

Naka,
Direban haya, Aboabo, Kumasi