Wasiƙa daga Kano, saura kwana biyar zaɓe

Kano, Litinin 20 ga Fabrairu, 2023

Aminina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali. Ya Jidda, ya aiki? Saƙonka ya iso, da tambayoyinka biyu: wa zai ci Kano, kuma me za ka faɗa wa mutanen gida. Ta farko Allah kaɗai ya san amsarta, amma zan nuna maka inda za ka sa ido. Ta biyu kuwa tana da amsa.

Bari in fara da kuɗi, domin duk majalisar da ka zauna a garin nan, kafin a ambaci ɗan takara sau ɗaya an ambaci canjin kuɗi sau goma. Ka san Babban Banki ya sauya fasalin ₦200 da ₦500 da ₦1,000, ya sa 31 ga Janairu a matsayin wa'adi, sannan ya ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Mutane suka kai tsofaffin banki, sababbin kuma ba su fito yadda za su wadatar ba. Ranar 8 ga wata Kotun Ƙoli ta ce a dakata da wa'adin, a ƙarar da Kaduna da Kogi da Zamfara suka shigar. Ranar 16 shugaba Buhari ya yi jawabi ya ce tsohuwar ɗari biyu kaɗai za ta ci gaba da yawo har 10 ga Afrilu. Gwamna Ganduje ya ce a Kano a ci gaba da karɓar tsofaffin duka, El-Rufa'i ma haka a Kaduna. Kotun za ta sake zama jibi Laraba. To, mai kayan miya a 'Yankaba maganar wa zai bi? Ba ya bin ta kowa. Yana duba ko dilan da zai sara a wurinsa gobe zai karɓa, in ba zai karɓa ba shi ma ba ya karɓa. Daga nan abin yake tsinkewa, har ya kai ga mai shayi da ɗan adaidaita sahu.

Manyan 'yan kasuwa na Kantin Kwari da Singa sun koma taransifa, ciniki ya ragu amma bai tsaya ba. Wanda abin ya danne shi ne mai ƙaramin jari da mutumin ƙauye da bai taɓa buɗe asusu ba. Manomi ya kawo buhun gero Dawanau, mai saye ya ce sai taransifa, shi kuwa ko waya babba ba shi da ita, sai ya karya farashi ga duk wanda ya zo da tsaba a hannu. Taransifar ma ba tabbas: a cire kuɗi a asusunka, wanda ka tura wa bai ga komai ba, ku tsaya kuna kallon juna rabin awa. Masu POS da ke da tsaba suna cire dubu ɗaya ko fiye a kowace dubu goma. Ga kuma layin mai da ya ƙi ƙarewa.

Saboda haka kuɗin da kake son turowa gida, kada ka turo shi da niyyar a cire. Ka sa a biya mai kantin unguwa kai tsaye ta asusunsa, ya ba su shinkafa da mai da sukari da garin tuwo na mako uku, wanda zai ɗauke su har bayan zaɓen gwamna na 11 ga Maris. A karɓi shaidar turawa a ajiye a waya. Maganin hawan jini na Hajiya a saya na wata guda tun yanzu. 'Yar tsabar da aka samu a bar ta don kayan miya, ruwan 'yan garuwa da kuɗin adaidaita. Ranar Asabar ta zaɓe ba zirga-zirgar ababen hawa kamar yadda aka saba, kasuwa ma ba za ta ci ba, don haka cefanen kwana biyu a gama shi ranar Juma'a da safe. Kada a manta azumi saura wata guda, kuma kaya ba sauka za su yi ba.

Yanzu siyasar. Abin da ba za ka gane daga nesa ba shi ne, zaɓen Asabar na shugaban ƙasa ne a takarda, amma a Kano kowa ido ya zuba wa 11 ga Maris. Asabar awo ce. Tun 2003 wannan ne karon farko da ba Buhari a takarar. A 2015 Kano ta ba shi ƙuri'a 1,903,999, a 2019 ta ba shi 1,464,768, Atiku ya samu 391,593. Waɗannan ƙuri'u yanzu ba su da uba, su ake wawaso. Kwankwaso na NNPP a gida yake, jar hula ta cika gari. Tinubu ya jingina da gwamnati mai ci da shugabannin ƙananan hukumomi 44. Atiku ya samu Malam Ibrahim Shekarau tun watan Agustan bara. Peter Obi kuwa ƙarfinsa na Sabon Gari da kewayenta. Ka tuna tsarin mulki bai ce mafi yawan ƙuri'a kawai ba, sai da kashi 25 cikin ɗari a kashi biyu bisa uku na jihohi. Shi ya sa wanda ya san ba zai zo na ɗaya a Kano ba bai haƙura ba, rubu'in nan yake nema. Jihar da ke da masu rajista 5,921,370, wadda Legas kaɗai ta fi ta, rubu'inta ya fi dukan ƙuri'ar wata jihar.

Amma kada adadin ya ruɗe ka. A 2019 masu rajista sun haura miliyan biyar, waɗanda suka jefa ƙuri'a ba su kai miliyan biyu ba. Bana kuma ga rashin kuɗin mota. Ɗan kasuwar da ke zaune a Fagge amma katinsa na Sumaila ko Doguwa, da me zai je? An rufe jami'o'i daga 22 ga wata zuwa 14 ga Maris don ɗalibai su koma gida, sai dai da yawansu a makaranta suka yi rajista, ka ga komawa gidan ya raba su da akwatinsu ke nan. Jam'iyyar da ta iya kai mutanenta rumfa, ita ce da riba.

Na gwamna kuwa ramuwar 2019 ce. Ba sai na tuna maka ba: Abba Kabir Yusuf, lokacin yana PDP, yana gaba da ƙuri'a 26,655 aka ce zaɓe bai kammala ba, kalmar inkwankulusib ta shiga bakin har yara. Aka sake a wasu rumfuna ranar 23 ga Maris, mazaɓar Gama ta yi suna, Ganduje ya ƙare da 1,033,695, Abba da 1,024,713. Tazarar 8,982 ke nan a jiha mai rumfuna dubbai. Bana Abba ne da Aminu Abdussalam Gwarzo a NNPP, mataimakin gwamna Nasiru Yusuf Gawuna da Murtala Sule Garo a APC. Akwai wasu, irin su Sha'aban Sharaɗa a ADP da Salihu Tanko Yakasai a PRP da Malam Ibrahim Khalil a ADC, kuma a zaɓen da ake rabuwa da dubu tara, wanda ya yagi dubu goma ba abin rainawa ba ne. Ƙarƙashin wannan duka akwai maganar masarautu, ta Bichi da Rano da Gaya da Ƙaraye da aka ƙirƙira a 2019, da tuɓe Sarki Sanusi ranar 9 ga Maris 2020. Ba a cika faɗarta a kan dandamali ba, amma a zaure ita ake yi, kuma yadda mutumin birni ke kallonta dabam da yadda mutumin Rano ke kallonta.

Wani abin da zai ba ka dariya: Kano ta Tsakiya. Shekarau ya bar NNPP, jam'iyyar ta ce Rufa'i Hanga ne ɗan takararta, amma a jerin hukumar zaɓe har yau sunan Shekarau ne. Wato mai dangwala wa kayan marmari, alamar NNPP, a takardar sanata yana zaɓen wanda kotu za ta faɗa daga baya. A Kano ta Kudu Kawu Sumaila ne da Kabiru Gaya, a ta Arewa Barau Jibrin da Baffa Bichi. A nan ne za ka ga ko mutane sak za su yi ko wake da shinkafa. Ni a ganina sakamakon sanatoci uku da 'yan majalisar wakilai 24 zai fi gaya maka yadda Maris za ta kasance fiye da na shugaban ƙasa, don su ne ke nuna wanda ke riƙe da mazaɓu da gaske.

To ga abin da za ka faɗa wa mutanen gida. Wanda bai karɓi katinsa ba zuwa 5 ga Fabrairu ya haƙura, an rufe. Mai kati ya tabbatar da rumfarsa kafin ranar, domin a 2021 an ƙara rumfunan Kano daga 8,074 zuwa 11,222, kuma an mayar da wasu mutane sababbin rumfuna don rage cunkoso. Mutum zai iya bin layi awa uku a inda ya saba, ya iso gaba a ce sunansa na makarantar bayan layi. Ana buɗewa ƙarfe 8:30 na safe, a rufe layi 2:30 na rana, duk wanda ke kan layi a lokacin sai ya jefa. Na'urar BVAS za ta duba yatsa, in ya ƙi ta duba fuska. In duka biyun suka ƙi, shi ke nan, babu fom ɗin nan na da da ake cikewa a wuce. Mata su dakata da lalle mai kauri a kan yatsu sai bayan zaɓe, mai niƙabi kuma ta san za a iya neman ta buɗe fuska. Tsofaffi da masu ciki da masu lalura ana ba su gaba, Hajiya ta yi magana kada ta yi kara.

Takarda uku za a ba kowa. A juya bayanta a ga hatimi da sa hannun jami'in rumfa da kwanan wata, in babu a mayar masa nan take. Ba suna ko hoton ɗan takara a jiki, alamar jam'iyya ce kawai: tsintsiya, lema, kwandon kayan marmari da sauransu, jam'iyya 18 ke da rajista, layin yana da tsawo. A dangwala cikin akwatin da ke gefen alamar, kada tawada ta tsallaka layi, a ɗan jira ta sha iska, sannan a naɗe ta a tsaye, ba a kwance ba, don kada tawadar ta shafi wata jam'iyya. Wannan ƙaramin kuskuren ba ƙarami ba ne, a 2019 ƙuri'a sama da miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu aka soke a ƙasa. Ba a shiga wurin dangwale da waya.

Abin da ya fi muhimmanci yana zuwa bayan an gama jefawa, lokacin da yawancin mutane suka tafi cin abinci. A gaban jama'a ake ƙirgawa da ƙarfi, a rubuta a takardar sakamakon rumfa mai suna EC8A, ejan-ejan na jam'iyyu su sa hannu kowa ya karɓi kwafinsa, a liƙa sakamako a bango, a ɗauki hoton takardar da BVAS a tura shafin hukumar na intanet. Lamba biyu ake dubawa: waɗanda na'ura ta tantance da ƙuri'un da aka jefa. In na biyu ya fi na farko, aringizo ne, dokar zaɓe ta 2022 ta ce a soke rumfar. Nan ne dabarar 'yan siyasa take. Wanda ya ga zai faɗi a rumfa ba sai ya sace akwati ba, ya isa ya sa a cusa ƙuri'a biyar ko a tayar da hatsaniya, rumfar ta tafi. In aka tara irin waɗannan, katunan da aka karɓa a rumfunan da aka soke suka fi tazarar da ke tsakanin na ɗaya da na biyu, sai ka ji baturen zaɓe ya ce bai kammala ba. Don haka unguwar da ke son ƙuri'arta ta yi amfani, dattawanta su zauna a rumfa har a liƙa takarda, ba samari kaɗai ba. Ɗan daba yana jin nauyin limamin unguwarsu fiye da yadda yake jin tsoron kulki. Wurin da aka fi samun tangarɗa kuma shi ne cibiyar tattara sakamako ta mazaɓa, da daddare, ba wuta, kowa ya gaji. Kano na da mazaɓu 484, ejan da ya je can ba kwafinsa a aljihu baki kawai ya kai.

An ce an canja kuɗi ne don a hana sayen ƙuri'a. Sayen bai mutu ba, kama ya sauya: taliya, atamfa, sabulu, magi, ana bi gida-gida ta hannun shugabannin mata, wasu kuma a karɓi lambar asusu da alkawari. Yunwar da rashin tsabar ta jawo ma ta sa ƙuri'a ta yi araha. Doka ta tanadi tarar da ta kai ₦500,000 ko ɗaurin wata 12 ga mai bayarwa da mai karɓa, kuma ba a yarda da neman ƙuri'a ba cikin mita 300 daga rumfa. Ka ja kunnen samarin gida musamman kan yawon kamfe na kwanakin nan. Ranar Alhamis da tsakar dare ake rufe yaƙin neman zaɓe, kuma a jerin gwanon ƙarshe-ƙarshe ne ake haɗuwa a kan titi ɗaya a yi ta'asa. In sun ji gangami ya taso ta Titin Zariya ko Ƙofar Mata, su sake hanya.

Kai ma can ka yi hattara da abin da kake turowa zauren WhatsApp na gida. Sojojin baka a rediyo aikinsu ke nan, an biya su, bidiyon da ke yawo kuma rabinsu na 2019 ne. Daren Asabar za ka ga sakamako kala-kala. Wanda ba hoton EC8A mai sa hannu da lambar rumfa ba ne, kada ka tura wa kowa.

Ka turo min lambar asusun mai kantin in tabbatar da sunan kafin ka biya, kuma ka gaya min ko kana nan kan zuwa hutun Sallah. A gaida uwargida da yara, a sa mu a addu'a in an je Harami.

Wassalam,
Amininka