Wasiƙa daga Oksfod: Sun ƙirga gadaje, sun ƙi ƙirga kwanaki

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara. Yaya ƙafar Hajiya? Allah ya ƙara sauƙi. Ka ce mata yajin da ta aiko ya iso, har na fara ɓoye shi saboda baƙi. Mu nan sai godiya, in ban da sanyi da duhun da ke rufe gari tun la'asar sakaliya.

Saƙon muryar da ka turo mini ne ya sa na ɗauki biro, don amsarsa ta fi ƙarfin waya. Ka ce mu nan mun huta, wai gwamnatin Turawa tana tsoron talakawanta, da an kafa kwamiti magana ta ƙare. Na yi dariya ni kaɗai a cikin bas. Bari in ba ka labarin wani gida da ke bakin hanyata, sai ka yanke hukunci da kanka.

Arewa da Oksfod kaɗan akwai wani gari da ake kira Kidlington. A gefensa, dab da ƙaramin filin jirgin sama, akwai wani gini mai dogon shinge da waya mai ƙaya, sunansa Campsfield House. Da can gidan horon matasa masu laifi ne. A 1993 aka mai da shi wurin tsare baƙin da gwamnati ke son mayarwa ƙasashensu: masu neman mafaka da aka ƙi karɓar ƙorafinsu, waɗanda bizarsu ta ƙare, da waɗanda suka gama zaman kaso ana jiran a kora su. Ka lura, ba alƙali ne ke tura mutum can ba. Jami'in Ma'aikatar Cikin Gida ne ke sa hannu a takarda, shi ke nan.

Shekara 25 mutanen garin nan suka yi suna tsayuwa a bakin ƙofar gidan, Asabar ɗin ƙarshe ta kowane wata, tsofaffi da ɗalibai da limaman coci, ana ruwa ana ƙanƙara. A tsawon shekarun an yi yajin cin abinci, an yi bore, mutum biyu sun kashe kansu a ciki, ɗaya a 2005, ɗaya a 2011. A watan Oktoba na 2013 gobara ta tashi, sai aka gano ginin ba shi da famfunan nan na rufi da ke feso ruwa da kansu, alhali 'yan kwana-kwana sun ba da shawarar a sa tun kafin nan. Mutane ne fa a kulle, ba su da ikon buɗe ƙofa su gudu. Duk da haka gwamnati ta nemi ninka girman gidan, sai da aka yi ta cacar baki ta janye a 2015.

A ƙarshen 2018 aka rufe shi. Gwamnati da bakinta ta ce tana son rage yawan tsare mutane, bayan binciken da wani tsohon mai sauraron koken fursunoni, Stephen Shaw, ya yi mata har sau biyu, a 2016 da 2018. Na tuna murnar da aka yi. Ni ma na ce to, ga abin da ake faɗa mana game da ƙasar nan.

Ashe an kashe maciji ne ba a sare kansa ba. A watan Yunin 2022, zamanin da ake ta shirin kwashe masu neman mafaka zuwa Ruwanda, aka ce za a sake buɗe gidan. Jam'iyyar Leba ta hau mulki a Yulin 2024, ta soke shirin Ruwanda nan take, muka ce ai dalilin ya faɗi, gini ma zai bi shi. Ina! Wata guda bayan nan ministar cikin gida ta lokacin, Yvette Cooper, ta ce za a ci gaba, za a samar da gadaje 290 a zangon farko tsakanin Campsfield da wani gidan mai suna Haslar da ke kudu, bakin teku. Na Campsfield 160 ne a farko, da niyyar kai shi 400. An sake buɗe shi a ƙarshen 2025. Zango na biyu kuma gwamnati ta zaɓi bin wata hanya da doka ta tanada don gine-ginen gwamnatin tsakiya, wadda ke ɗauke hukunci daga hannun ƙaramar hukumar Cherwell. Wato kansilolin da mutanen Kidlington suka zaɓa za su faɗi ra'ayinsu, amma wuƙa da nama suna Landan. A garin da in za ka ƙara ɗaki a bayan gidanka sai maƙwabci ya samu takarda an tambaye shi!

To amma ba wannan ne ya fi ci mini tuwo a ƙwarya ba. Kwanakin ne.

Ka san a ƙasar nan babu iyakar lokacin da za a iya tsare baƙo baligi. Babu. Ƙasashen Tarayyar Turai suna da tasu iyakar a doka, Birtaniya ba ta da ita. Wanda ake zargi da ta'addanci ma kwana 14 ne iyakar abin da 'yan sanda za su riƙe shi ba tare da tuhuma ba. Mace mai ciki, idan harkar shige da fice ce, awa 72 ne, sai da izinin minista a kai mako guda. Ka ga ke nan sun iya sa iyaka idan sun ga dama. Sauran mutane kuwa, mako ne, wata ne, shekara ce, sai yadda ta yiwu. Akwai beli, gaskiya ne, kuma bayan wata huɗu ana kai yawancinsu gaban alƙali ko ba su nema ba. Amma wata huɗu a bakin mai faɗa ne yake da sauƙi.

Shekarun baya na yi aikin sa kai, ina ziyartar waɗanda aka tsare a ɗaya daga cikin irin waɗannan gidaje. Akwai wani ɗan Afirka ta Yamma da na riƙa zuwa wurinsa, magidanci, mai yawan azumin nafila. Bai taɓa yi mini ƙorafin abinci ko wurin kwana ba. Abin da ya ce mini shi ne, fursuna kullum kwanakinsa raguwa suke yi, shi kuwa nasa ƙaruwa suke yi. Yana da ɗan littafi da yake jan layi a ciki bayan sallar asuba. Daga baya aka sake shi, ya koma unguwar da aka ɗauko shi, haya ta ƙwace, aiki ya tafi. Kuma ba shi kaɗai ba ne: alƙaluman gwamnatin kanta sun sha nuna cewa a shekaru da dama fiye da rabin waɗanda aka tsare sakinsu ake yi cikin ƙasa, ba jirgi ake sa su ba. Ga miliyoyin fam da ake biya diyya duk shekara ga waɗanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba, daga harajin da ake yanka a albashina.

Yanzu ga kwamitin naka. A 2017 wani matashin ma'aikaci a gidan tsare baƙi na Brook House, kusa da filin jirgin Gatwick, ya ɗauki hoto a ɓoye wa BBC. Duniya ta ga ma'aikatan kamfanin G4S, mai kula da gidan a lokacin, suna zagi da wulaƙanci, har da shaƙe wuyan wani da ke cikin mawuyacin hali. Gwamnati ba ta kafa cikakken bincike da son ranta ba, sai da waɗanda aka zalunta suka kai ta kotu. Shugabar binciken, Kate Eves, ta fitar da rahoto a Satumbar 2023. Ta samu lokuta 19 na cin zarafi a cikin wata biyar kacal, ta ba da shawarwari 33, babbar cikinsu ita ce kada a tsare kowa fiye da kwana 28. Gwamnatin 'yan mazan jiya ta ƙi. Wadda ta gaje ta ma ba ta sa iyakar ba. A 2024 masu duba gidajen yari suka ce ba su taɓa ganin lalacewa a gidan tsare baƙi irin ta Harmondsworth, kusa da Heathrow, ba. Amsar da aka samu a aikace ita ce ƙarin gadaje.

Zan yi musu adalci. Kowace ƙasa tana da ikon cewa wane ya zauna, wane ya tafi, kuma cikin waɗanda ake tsarewa akwai masu laifi na gaske. Maƙwabcina Bature cewa yake yi in babu wurin ajiye su, ta yaya za a kore su? Ban raina tambayarsa ba. Tambayata ita ce, in ka san za ka kori mutum, ai ka san ranar jirginsa. In ba ka sani ba, me ya sa ka kulle shi? Kuma a nan aƙalla rahoton yana fitowa, ɗan jarida ya karanta, ɗan majalisa ya tashi ya yi tambaya, ba kamar namu ba da ake kulle shi a durowa. Sai dai wanda ke jan layi a littafi, fitowar rahoto ba ta rage masa ko kwana ɗaya ba. Kai da ka yi shekaru kana zirga-zirgar belin mutane a gidan yarin Kurmawa, ka fi ni sanin me ake nufi da jiran shari'a.

Abin ya shafe mu kai tsaye. 'Yan Najeriya suna cikin waɗanda ake tsarewa, kuma tun 2022 akwai yarjejeniya tsakanin Abuja da Landan kan mayar da mutane gida. Don haka ɗan ƙaninka da ke ta rawar ƙafar tahowa karatu, ka zaunar da shi. Ya zo da takardu tsaf, ya riƙe ranar ƙarewar bizarsa kamar yadda ya riƙe ranar haihuwarsa, kada kuma ya saurari masu cewa in ka shigo ka shigo ke nan.

Na rubuta wa ɗan majalisarmu wasiƙa, tambaya ɗaya tak na yi: kafin a kai gadajen nan 400, kwana nawa mutum zai yi a kan kowane gado? In amsa ta zo zan ɗauki hotonta in turo maka, ka karanta wa 'yan majalisar ƙofar gidanku.

Ka gaida Malam da sauran abokai. Maganar filin nan kuma ka dakata tukuna, sai mun yi waya ranar Lahadi bayan isha'inku.

Naka har kullum,
Abokinka na Oksfod