Ba gigin tsufa ba ne, Malam Edita

Assalamu alaikum.

Wallahi raina ya ɓaci da shirinku na lafiya na ranar Talata. Baiwar Allah ta bugo waya muryarta na rawa, ta ce mahaifinta ya daina barci yana ta rabon kuɗi a titi, sai mai gabatarwa ya yi dariya, wai gigin tsufa ne, sai haƙuri. Likita ya buɗe baki zai yi magana aka katse shi da talla. Haba! Wa ya ba shi wannan fatawar?

Mahaifina ya haura shekara 70, kuma haka nasa yake. Sai ya yi makonni da ƙyar yake runtsawa, ƙarfe biyun dare yana zagaya tsakar gida yana lissafin shagunan da zai buɗe a Kantin Kwari, magana ba tsayawa. Ya sayar da filinsa ya rabar da kuɗin. Wanda ya tanka ya sha zagi, mutumin da ko yaro ba ya ɗaga wa murya. Bayan nan sai ya shige ɗaki wata da watanni, ko masallacin ƙofar gida ba ya fita, tuwo ya huce a gabansa, yana cewa ya zame mana kaya. An yi ruƙiyya, an yi hayaƙi, har abokiyar zaman mahaifiyarmu aka zarga da sammu. Sai da muka kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa aka ce baifola ce, wato cutar da ke sa mutum zumuɗi mai tsanani wani lokaci, wani lokaci kuma baƙin ciki mai tsanani, kuma tana da magani.

Mai gigin tsufa mantuwarsa ƙaruwa take yi. Baba kuwa in ciwon ya lafa ras yake, har bashin da yake bin mutane ba ya mantawa.

Da kun bar likitan nan ya yi magana, da mutane sun ji cewa maganin tsoho ba ɗaya yake da na matashi ba. Maganin litiyam da aka ɗora Baba a kai ƙoda ce ke fitar da shi, ƙodar tsoho kuwa ta gaji, shi ya sa kaɗan ake ba shi, ana auna jininsa lokaci-lokaci. In ruwan jiki ya ragu, ko da zafin Kano na watan Afrilu, ko azumi, ko gudawa, sai maganin ya taru ya zama guba: hannu na karkarwa, tangaɗi, amai. Diklofenak da ibufurofen ɗin da tsofaffinmu ke saya a kemis don ciwon gwiwa su ma haka suke jawowa, da maganin hawan jini mai sa fitsari. Wanda kuma ciwon ya fara masa sai bayan ya manyanta, dole a bincika ko wata cuta ce a ƙwaƙwalwa ko wani magani da yake sha ya tayar da shi.

Ko asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ba ku ambata mata ba, balle Asibitin Malam Aminu Kano, alhali duka akwai likitocin. An sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a 2023, ta maye gurbin ta 1958, amma bakin ma'aikacinku yana can baya. Ku nemo matar nan, ku dawo da likitan, ku ba shi lokacinsa cikakke.

Sannan don Allah masu tallan maganin gargajiyar nan da ke sakin batsa bayan magariba, muna cin abinci da yara, sai yaushe za ku tsawata musu?

Mai sauraronku,
daga Gwammaja, Kano