Ina littafin garken da ake tsare dabbobinmu?

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Shirinku na rediyo na safiyar Laraba kan kamen dabbobin da ke yawo cikin garin Gombe ya ɓata min rai matuƙa. Kamen kansa ban ƙi shi ba, domin akuyar da ke kiwo a bola tana haɗiyar leda tana gitta wa masu babur a titi, cuta ce ga mai ita da ga kowa. Abin da ya dame ni, kun zaunar da wani jami'in hukuma yana ta nanata "doka ce, doka ce", har aka rufe shirin mai gabatarwa bai tambaye shi littafin garken ba. Dabbar da aka jefa bayan mota, wa ya rubuta ta, a wane shafi, kuma wa ke da ikon zuwa ya duba?

Garken tsare dabbobi na hukuma amana ce ta dukiyar mutane, galibi ma dukiyar mata, don kowa ya san awakin cikin gidajen Bolari da Pantami da Herwagana na matan aure ne da tsofaffi. Dole a samu littafi mai bango, shafukansa da lamba a jere ta yadda ba a iya cire takarda a ɓoye. Kowace dabba ta shigo a ba ta lamba, a rubuta rana da lokaci, unguwa da layin da aka kama ta, irinta (Balami ne, Uda ne ko ɗan ƙasa), mace ce ko namiji, launinta, da shaidar da ke jikinta: tsagar kunne, karyayyen ƙaho, lalle ko fenti a gadon baya. A buɗe baki a ƙirga haƙoran manya, domin dabbar da ta fitar da biyu ta haura shekara, mai huɗu tana wajen shekara biyu. A rubuta ko tana da ciki ko tana shayarwa. A ɗauki hotonta da waya. Mutum biyu su sa hannu, wanda ya kamo da wanda ya karɓa, kuma kada ya zama mutum ɗaya ne. Duk wannan minti biyar ya ishe shi.

Idan ba a yi haka ba, musanya ce ke fara biyowa. Rago mai haƙora huɗu ya shiga, mai shi ya zo da kuɗin tara a hannu, a jawo masa wani ƙanƙani a ce shi ne, kuma ba shi da abin da zai kafa hujja da shi. Sai kuma kalmar nan ta "ai ta mutu". Dabbar da ta mutu a hannun hukuma, likitan dabbobi ne zai gani da idonsa ya rubuta dalili, a ɗauki hoton gawar, a ajiye fata da kunne har mai ita ya zo ya shaida. Mutuwar da ba gawa, ba fata, ba takardar likita, a kasuwa ko a tukunya ta auku.

Jami'in ya ce ana cajin kuɗin ciyarwa kullum. To, ciyarwar ma lissafi gare ta. Akuya ko tunkiya na buƙatar ruwa lita 4 zuwa 5 a rana, a zafin Maris da Afrilu ya fi haka, saniya kuwa lita 30 zuwa 40. Busasshen abinci wajen kashi 3 cikin 100 ne na nauyin dabba, wato akuya mai kilo 25 tana son kusan kilo guda na harawa ko ganyen gyaɗa, da 'yar dusa da kanwa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a bar dabba da yunwa kwana biyu sannan a zuba mata tsaba ko dusa tsagwaronta, ta ci ta ƙoshi cikinta ya kumbura ta faɗi. Wanda ya karɓi kuɗin ciyarwa ya nuna rasidin harawar da ya saya da sunan mai kawo ruwa. Uwa mai shayarwa kuma bai kamata ta kwana a garke ba, saboda 'ya'yanta na gida suna kuka, hantsarta na kumbura, hasara biyu ke nan a kan laifi ɗaya.

Sai cuta. Tara dabbobin unguwanni daban-daban a kan kwami ɗaya hanya ce mafi sauƙi ta yaɗa annobar nan ta awaki da tumaki mai zuwa da zazzaɓi, majina, gyambon baki da zawo. Tana ɗaukar kwana 4 zuwa 6 kafin ta nuna, don haka mutum na iya karɓo akuyarsa lafiya lau ya kai wa sauran na gida mutuwa. Garke na buƙatar ɓangare biyu aƙalla, na masu lafiya da na waɗanda ake zargi, kowane da kwaminsa da rumfarsa. Allurar rigakafin wannan cuta ana yin ta a Vom ta jihar Filato, ba daga nesa za a nemo ta ba. Karen da ya ciji mutum shi kuma keji daban, a sa masa ido kwana 10 saboda haukan kare. Mu Musulmi mun san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ba. Wanda aka damƙa wa makullin garke ya tuna da wannan.

Tara kuwa a rubuta ta a allo a bakin ƙofa, kaza na akuya, kaza na saniya, kaza na kowane kwana. Rasidi mai lamba, kwafi uku: na mai dabba, na baitulmali, na garke. Kuɗin ya shiga asusun ƙaramar hukuma kai tsaye. Kuma kada a kuskura a riƙa biyan masu kame bisa yawan kawunan da suka kawo, domin duk inda aka yi haka, tunkiyar da ke ɗaure a turke a ƙofar gida ma sai ta zama mai yawo.

Gwanjo ne wurin da ɓarna ta fi yawa, shi ne kuma kuka tsallake gaba ɗaya. Kwana nawa ake jira kafin a sayar? Wa ke ba da izini, alƙali ko shugaban sashe? Kamata ya yi a yi cigiya ta bakin masu unguwanni da masallatai da gidan rediyo irin naku, a sanar da ranar gwanjo, a yi shi a fili a kasuwar dabbobi ta Tike gaban dillalai da suka san farashi. Ma'aikacin garke da ɗansa da ƙanensa ba su da izinin tayawa. A cire tara da kuɗin ciyarwa, ragowar a ajiye wa mai dabba, don laifin sakin akuya bai kai a ƙwace ta ɗungurungum ba. A kula da makonnin gabanin Babbar Sallah, lokacin da rago ke tsada kuma wa'adin jira ke gajarcewa ba dalili.

Duba wannan aiki ba shi da wuya. Abin da ya shigo, a debe wanda aka saki, wanda ya mutu da wanda aka sayar, abin da ya rage shi za a tarar a garke. Kansila da mai unguwa da likitan dabbobi da wakiliyar mata su je ba sanarwa su ƙirga kawuna, su gwada da littafi, su gwada littafin da guntayen rasidi. A manna sakamakon a sakatariya duk ƙarshen wata. Tsarin mulkin 1999 ya lissafa kasuwanni da mayanka cikin ayyukan ƙananan hukumomi, kuma tun hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024 ake ta maganar 'yancin kuɗinsu. Ƙananan hukumomi 11 ne a jihar nan, kuma akwai mai binciken kuɗinsu. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana 7 ta amsa wa wanda ya nemi takarda a rubuce. Me ya hana wakilinku ya rubuta?

 

Ku sake gayyato jami'in nan, ku ce ya zo da littafin a hannunsa, ya karanta mana shafukan wata uku da suka wuce, ku kuma buɗe layin waya ga waɗanda aka kama wa dabbobi a cikin waɗannan watanni.

Naku,
Mai sauraro daga Jekadafari, Gombe.