A Yi Zaɓen Manhajojin Linux Daidai Da Halin Da Muke Ciki

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka domin in yi magana da 'yan'uwana masu komawa babbar manhajar Linux, wadda ke tafiyar da kwamfuta kamar yadda Windows ke yi. Tun ranar 14 ga Oktoba, 2025, da kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da yake bai wa Windows 10, ɗalibai da malamai da masu shagunan buga takardu da yawa suka gano cewa kwamfutocinsu, waɗanda akasari na hannu aka sayo, ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba. Masu gyara sukan ba su shawarar su ɗora Ubuntu ko Linux Mint, waɗanda nau'o'in Linux ne, kuma ina goyon bayan wannan shawara. Abin da ke damuna shi ne abin da ke biyo baya: da zarar mutum ya ji cewa komai kyauta ne, sai ya kwaso manhajoji talatin, datarsa ta ƙare, na'urar ta yi nauyi, daga ƙarshe ya ce Linux ce ba ta da kyau.

Shekaru da dama ina aiki da ita a kan tsohuwar kwamfuta, kuma abin da nake buɗewa kullum bai wuce guda biyar ba. LibreOffice, wadda ta samo asali daga OpenOffice a 2010, ta ishe ni rubutu da lissafi, tana kuma buɗe takardun Word da Excel. Gaskiya dai, wani lokaci tsarin shafi yakan ɗan jirkice idan takardar tana da jadawali masu sarƙaƙiya, shi ya sa nake mayar da duk abin da zan kai wurin bugawa zuwa PDF. Firefox ce ta shiga intanet, VLC ta sauti da bidiyo, GIMP ta gyaran hoto, sai Thunderbird ta saƙonnin imel. Wanda na'urarsa ba ta da ƙarfi ya zaɓi fuskar Xfce maimakon GNOME (fuska ita ce tsarin yadda allo da tagogi ke bayyana), domin ta fi sauƙin nauyi.

Inda na fi so a tsaya shi ne allon umarni, wannan baƙin allo da sababbin shiga ke gudu kamar an ce musu na injiniyoyi ne kaɗai. A ƙasar da wuta ke ɗaukewa ba sallama, sabis kuma ke yankewa ana tsakiyar aiki, babu wanda ya fi mu buƙatarsa. Umarnin wget, idan aka haɗa masa -c, yana ci gaba da sauke fayil daga inda ya tsaya, ba sai an sake ƙona data daga farko ba. Shi kuma rsync, idan za a adana aiki a wani faifai, abin da ya canza kaɗai yake kwafewa. Da ffmpeg nake rage girman karatuttukan da na naɗa kafin in tura wa ɗalibai ta WhatsApp. Ga gyaran ƙananan fayiloli, mai koyo ya fara da manhajar gyaran rubutu ta nano, wadda ke nuna maɓallanta a ƙasan allo, ya bar takwararta vim sai hannunsa ya faɗa.

Sannan a riƙa ɗauko manhaja daga rumbun da masu babbar manhajar suka tantance, ta hanyar umarnin apt, a guji kwafo umarnin da ba a fahimta ba daga ko'ina, musamman mai farawa da sudo, domin wannan kalma tana miƙa ragamar na'urar baki ɗaya. Flatpak da Snap, wasu hanyoyin ɗauko manhaja na daban, suna da amfaninsu, amma saukewar farko tana cin data sosai.

Akwai kuma abin da ya shafi harshenmu kai tsaye. A cikin saitin maɓallan rubutu na Linux akwai tsarin Hausa na Nijeriya da na Ghana, kuma zanen haruffa irin su DejaVu da Noto suna fitar da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ yadda ya kamata. Ina kira ga cibiyoyin koyar da kwamfuta da masu gyara da su riƙa kunna wa mutane wannan tsari tun ranar da suka ɗora musu manhajar.

Naka,
Wani malamin makaranta,
Zariya.